Gwarzonmu a Takardar Tsire

Akokan, Laraba

Aminina Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki? Ya matarka Fa'iza da ɗawainiyar jinya? Allah ya sa tarin ya lafa.

Saƙonka ya iso, cewa a gadon likitar Damagaram ba abin da ranka ke so sai littattafan zanenmu na ƙuruciya, waɗanda muke tsintowa a sharar unguwar Nasara. Na yi dariya har da hawaye. Tsoho da furfura yana cigiyar Gagara-Dutse, gwarzon da muka raɗa wa suna don ba mu iya faɗin nasa na Faransanci ba.

Sai dai akwai magana. Da muka tashi daga gidan kamfani bayan rufe ramin haƙar ma'adinai, matata Rashida ta ga kwalin da littattafan ke ciki, ta ɗauka tsofaffin takardu ne, ta ba Mano mai tsire ya riƙa naɗe nama. Yau ta gaya mini. Ban yi faɗa ba, amma na kasa zama wuri guda. Ka ɗan ba ni lokaci.

Naka,
Kalilu

Akokan, Lahadi

Habibu,

Ina gaisuwa, ina kuma jin tsoro, don Fa'iza ta ce ka daina cin abinci.

Mano ya cinye rabin kwalin. Wanda ka fi so, inda dutse ya rufto wa gwarzon yana tallafe da shi a kafaɗa don mutane su fita, ya riga ya yayyaga shi. Na bi masu sayen tsirensa gida gida har cikin Arlit, ina tonon shara kamar akuya. Mutane na cewa zaman banza ya taɓa ni. Su faɗa. Na haɗa shafukan, duk mai da yaji, Rashida ta ɗinke su da zare tana ba ni haƙuri. Ko da maiƙo, zanen zamanin da ba irin na yanzu ba ne. Kana ganin jijiyar wuyan mutum, kana jin nauyin dutsen.

Shafin ƙarshe ne ban samu ba. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi da shi Tamanrasset, da tsirensa a ciki. Amma shafin na san shi da ka, kowane zane. Don haka ba zan aiko da littafin ba, gobe zan hau mota in kawo da kaina, in karanta maka shafin da baki.

Hanyar Agadas ta lalace, zan daɗe. Ka ci abinci. Ka jira ni, Habibu, don Allah.

Amininka tun muna 'yan makaranta a lakwal,
Kalilu