Yayyafin Shara a Daɓen Katako

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba. An gama girbin gero a Tsanyawa?

Karatu lafiya lau, sai dai na kusa rasa ɗakina a nan Malesiya. Daɓensa na katako ne, ni kuwa kullum sai na yayyafa ruwa kafin shara, yadda kika koya mini. Ashe katako ba ya shiri da danshi! Ya kumbura har ƙofa ta ƙi rufuwa. Kwana uku ina fargabar kora. Da mai gidan ta gani, dariya ta yi, ta kawo na'urar tsotse danshi. Alhamdulillahi, ya kwanta.

Yanzu a bushe nake shara. Amma duk safiya sai hannuna ya kai ga buta, don ƙamshin tsakar gidanki nake nema.

'Yarki,
Tahira