Tulun Inna Dado

Asabar, 15 ga Satumba 1984

Hatsi ya ƙone a tsaye, duk garinmu Ollelewa kuka ɗaya ake yi. Maigidana Barnaba, baban Tamar, ya yi kudu neman aiki. Ni da yarinya da rumbun da ko rabi bai kai ba. Inna Dado, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta leƙo ta tarar ina hawaye. "Rabi, in kin gama shayar da zanenki, zo mu tsinci iri." Sunana Rabeka, ta ce bakinta ba ya iya ɗauka.

Laraba, 10 ga Oktoba

Kai, matar nan! Ta sa na zaɓi zangarniya mafi ƙiba, na sussuke, na gauraya da toka saboda ƙwari, na ɗura a tulu, na liƙe bakin da laka. Sai ta sungumi tuluna ta yi gidanta, ta dawo min da nata a liƙe. Na ce wannan wace bidi'a ce kuma? Ta ce, "Mutum kan ci nasa in yunwa ta matsa. Amana kuwa tana tsayawa a wuya." Na binne nata ƙarƙashin gadona ina gunaguni.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Inna ko dala ba ta kashewa. Ganyen jiga a shanye, tafasa a shanye, fara a buhu. Ƙarangiyar da muke zagi ita sussuka take yi, ashe akwai ƙwaya a ciki. Hannuna duk ƙaya. Tana gaba da ɗan rankwafonta, ni mai jini a jika ina haki a baya.

Juma'a, 15 ga Maris 1985

Rumbu ya ƙare, anza muke ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. A jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa har ɗacin ya fita. Na yi gaggawa, Tamar ta wuni tana amai. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zuba ruwan jiƙon a ramin da ta shuka kabewa, wai ko ruwa mai ɗaci ba a yar da shi a banza.

Litinin, 20 ga Mayu

Wuyan Tamar kamar sillen kara. Na je na ce a ba ni tuluna. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu. "Ki ci iri yau, ɗiyata, me yarinyar za ta ci baɗi?" Na ce sai ta kai baɗin tukuna! Na faɗa mata maganganu, har da cewa don ba jikarta ba ce. Ta tashi ta juye min sauran fararta kaf a ƙwarya, da ɗan garin ƙarangiya. Na karɓa ina jin haushinta. Ban san abin da ta ci ba.

Talata, 21 ga Mayu

Na janye gado, na tona har na ga wuyan tulunta. Na daɗe tsugunne da taɓarya a hannu. Na mayar da ƙasa.

Lahadi, 30 ga Yuni

Ruwa! Na gode maka, ya Ubangiji. Tamar ma ta fita ta tsaya a ciki. Daga addu'a na tono tulunta sai gidan Inna, mu biyu da tuluna biyu. Nawa lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu. Na ce ta fasa nata, ta yi ta kame-kame. Na fasa da kaina.

Rairayi ne da toka.

Gonarta ko zangarniya ɗaya ba ta ba ta ba, ta rufe bakinta wata da watanni. Na ce, "Inna, da na buɗe fa?" Ta yi dariya har da tari. "Da kin sha kunun rairayi. Da ban ba ki abin riƙo ba, ai ba za ki bar min naki ba." Kuka kawai nake. Na raba irin biyu. Ta ce ba ta so, na ce ba tambayarta na yi ba. Ban taɓa ganin mace irinta ba, kuma ba na jin zan sake gani.

Talata, 5 ga Nuwamba

Rumbu ya cika. Barnaba ya dawo, yana ta tsokanata wai me zan yi da ganyen da na cika rufin ɗaki da shi. Ba komai, hannuna ne ya saba.

Raliya, amaryar Mato da ke bayanmu, na ji ana cewa ba ta ware iri ba. Ba ruwana, ni ba tsohuwa ba ce. Na dai kai mata tulu da hantsi, na ce ta kawo nata gobe. Ta tambaya wace bidi'a ce.

Nawa dai ba rairayi ba ne.