Tsaye-tsayen Baba a Hanyar Gona

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa gida lafiya, kai da Anti da yara. Yaya gajiyar hanya, yaya aiki? Mu nan sai godiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ni da biro ba ma ga maciji. Da waya zan kira, to ka saba katse ni kafin in kai ƙarshen magana.

Akwai abin da na gani da safen da muka fita zaga gonaki, ya ƙi barin raina. Kai kana gaba da yara, raɓa ta jiƙa musu ƙafar wando suna ta ihu, ni da Anti muna baya, ina riƙe da gorar ruwa. Ka tuna Baba ya yi ta tsayawa. Ya tsaya a masarar maƙwabci yana juya ganye, wai tsutsa yake dubawa. Da muka haye kwalbati ya sake tsayawa a waken mai injin niƙa. Ka waiwayo ka tambaye shi ko an naɗa shi malamin gona ne ba mu da labari. Yara suka kwashe da dariya, ni ma na yi, har shi ya taya mu.

Yaya, wannan fa shi ne Baban da tun muna ƙanana ya hana mu ko rage tafiya a bakin gonar wani. Da na matso sai na ga ganyen da ya riƙe lafiyarsa ƙalau. Ba ma shi yake kallo ba. Idonsa a rufe, ɗaya hannun yana cikin riga a kan ƙirji. Numfashi yake jira ya dawo.

Ban yi magana ba, na ce kar in kunyata shi gaban jikoki. A gindin tudu ka duba agogo ka ce a juya, rana ta yi. Baba bai musa ba, shi da ya kwana yana zumuɗin nuna wa yara mangwaron da ya dasa wa kowannensu. Abin da ke cin raina ke nan. Ina jin wannan ce fitarsa ta ƙarshe a kan hanyar, mu kuwa muka ƙare ta da sauri da zolaya.

Tun ranar bai koma gona ba. Fartanyarsa tana rataye. Da rana yana zaune a ƙofar gida, in zai yi barci kuwa sai ya jingina da bango, ba ya iya kwanciya a miƙe. Na yi masa zancen asibiti, ya ce yaushe aka yanke mini cibiya. Kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ka zo da kanka ka kai shi. Kar ka kira, zai gyara murya ya ce maka garau yake.

Na san za ka ce Auta ya cika ƙara gishiri. To ka tambayi Anti. A hanyar dawowa, da ta zauna a kan kututture ta ce igiyar takalminta ta tsinke, har ka yi mata faɗan ɓata lokaci, takalmin nan ba abin da ya same shi. Matsawa ta yi gefe ta bar wa Baba wuri ya zauna. Muka haɗa ido da ita, ta kawar da kai tana share fuska da mayafi.

Inna tana gaishe ku. A shafa mini kan yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka,
Auta