Masu Shawagi a Kan Shinkafata

Talata da dare, Haɗeja

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau Yaya Bukar, da ya zo ganin gida daga Abuja, ya biyo ni fadama. Ya same ni a kan rumfa ina jan igiyar gwangwanaye, ina korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafata da ta fara nuna.

Ko sannu da aiki bai ce ba, ya zaro waya. Wai in ga hotunan ƙananan jiragen saman da masu hali ke tuƙawa don nishaɗi kawai. Ɗaya mai kujera biyu, fukafukansa a sama, ɗayan mai kujera huɗu, fukafukai a ƙasa.

"Wanne za ka ɗauka, Modu?"

Na ce, "Yaya, mai feshin tsuntsu. Tun makon jiya muke zuba ido a turo shi."

Ya yi dariya. Amma abin ya ja ni, don tun ina yaro nake son jirgi. Na kafe a kan mai fukafukai a sama, saboda ba abin da zai tare maka ƙasa: ga kogi, ga gonaki har Kirikasamma. Shi kuwa gudun ɗayan yake yabo. Muka yi ta musu, igiya tana yashe.

Da na ɗago kai, gabashin gonar ya yi baƙi ƙirin da tsuntsu. Na yi ta ihu har muryata ta dishe, amma sun riga sun yi ɓarna.

Shi ya koma gida da wayarsa. Mu nan masu shawagin nishaɗi jan-baki ne, shinkafata kuma ita ce fetur ɗinsu.