Ranar da Baffa Abdulbaƙi Ya Yi Shiru

Aziziyya, Makka,
Rajab, 1446.

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Man da na aiko ya yi miki amfani, ko kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai kewar Kano.

Yaya, labarin 'yarki Na'ima na kawo miki. Kin san tun rasuwar Abbanta take zuwa cibiyar masu buƙata ta musamman da ke bayan layinmu, ita da wasu da aka haifa da jinkirin fahimta irin nata. To ashe sun daɗe suna ƙulla wata shawara. Abin da ke ci musu rai shi ne, duk inda suka shiga, kanti ko asibiti ko bas, ba mai tambayarsu komai. Sai a dubi wanda ya rako su a ce me take so, ina ke mata ciwo, ita kuwa tana tsaye tana ji. A Hajjin bara Na'ima ta ga wata alhajiya irinta ta ɓace wa ayarinta a bakin titinmu. Ma'aikata sun kewaye ta suna jan katin wuyanta suna ta ihu a kanta, ba wanda ya tambaye ta ko sunanta. Ranar ko abinci Na'ima ba ta ci ba.

Shawarar tasu ita ce su da kansu su riƙa zagayawa suna koya wa masu kantuna da direbobin bas da ma'aikatan Arfa da Muzdalifa yadda ake magana da irinsu. Sun sa wa aikin suna Is'alni Ana, wato ni za ka tambaya. Na'ima suka zaɓa ta shugabance su. Mataimakinta wani saurayi ne, Bandar, ba ya son hayaniya kuma ba ya kallon idon mutum, amma in ya zana hoto sai kin riƙe baki. Abin da ya rage musu shi ne kuɗin hayar ɗaki da man mota da buga hotunan. Sai ga malamarsu, Ustaza Haifa, da albishir cewa wata jam'iyyar taimako za ta tallafa wa irin wannan aiki. Sharaɗi ɗaya ne: su ne za su jagoranta, su ne kuma za su tsaya gaban kwamiti su yi bayani da bakinsu.

A nan gizo ke saƙar. Kin san Baffa Abdulbaƙi, yayan Abban Na'ima. Mu Hausawan unguwar nan ba wanda ke neman abu wurin manya da bakinsa, sai an tura Baffa. Neman aure shi ne, rikici da mai gidan haya shi ne, sulhu shi ne, kuma Allah ya ba shi baki, in ya fara magana sai shayi ya huce. Da ya ji labari ya ce muddin yana raye ba za a tsayar da marainiyar ƙaninsa gaban manyan mutane harshenta na sarƙewa a yi mata dariya ba. Na yi masa bayanin sharaɗin a hankali, ya ɗaga mini hannu ya ce khalas, magana ta ƙare, shi zai je. Mutumin da ya riƙe mu tun rasuwa bai taɓa gajiya ba, da wane baki zan yi musu da shi? Na dawo gida raina a jagule.

Ki taya mu da addu'a, Yaya. Yarinyar nan ta ƙwallafa rai a kan aikin nan, kullum tana gaban madubi tana maimaita jawabinta. Ki gaishe mini da Malam da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Rabi'atu.

Aziziyya, Makka,
Sha'aban, 1446.

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna lafiya kuna shirin azumi. Amsarki ta iso, na gode da addu'a, na kuma ji faɗan da kika yi mini a kan man gwiwa. Mu jiki lafiya, zuciya ce dai sai a hankali.

Abin da nake gudu ya faru. Baffa bai jira ranar kwamiti ba, kamun ƙafa ya tafi. Ya bi ta hannun wani abokinsa na masallaci har ya gano gidan shugaban kwamitin, ya sha babbar riga, ya ɗauki kilishi da turare ya je. Da bakinsa ya ba ni labari, yana murna. Wai ya faɗa wa mutumin cewa yaran miskinai ne, ba su san dama da hagu ba, a dube su don Allah, shi kuma zai riƙe duk abin da aka bayar ya kula da komai. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi gahawa, ya mayar masa da kilishinsa cikin ladabi. Baffa ya ɗauka kunya ce irin ta manya.

Ba a yi mako ba aka sanar da Ustaza Haifa cewa an ajiye aikinsu gefe, tunda ya bayyana ba su ne ke jagorantar sa ba. Garin neman gira an rasa ido. Wallahi Yaya, ranar na ji haushin bawan Allahn nan har wuya, ga shi ba halin faɗa, domin don ƙauna ya yi. Bandar kuwa da ya ji, tattara hotunansa ya yi ya daina zuwa cibiyar.

Na zaci Na'ima kuka za ta yi. Sai na ga ta ɗauko abayarta ta sa, ta ce in raka ta gidan Baffa. Na ce ta bari in samu wani dattijo ya yi masa magana, ta ce a'a, ai abin da ya ɓata aikin ke nan. Muka same shi a zaure da tasbaharsa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta fara, Hausa rabi Larabci rabi kamar yadda yaranmu na nan suke yi, kalma na fita da ƙyar. Sau biyu yana ƙarasa mata magana, sau biyu tana cewa ba haka za ta ce ba. Abin da ta faɗa masa ba zan manta ba. Ta ce ta san yana son ta, amma bai taɓa jin maganarta har ƙarshe ba. Ta ce ita ba miskiniya ba ce, tana da aiki. Ta ce in an sake ba su dama tana so ya raka ta, domin shi ne ubanta, amma ya zauna kawai kada ya ce komai.

Yaya, ni ƙasa nake kallo, kamar ta tsage in shige. Baffa kuwa, ko sallamar da muka yi masa da kai ya amsa. Ban sani ba ko fushi ne ko mamaki.

Da muka dawo ta karɓi wayata ta yi wa kwamitin saƙon murya da kanta, tana roƙon su saurare su. Ta yi ta goge, ta yi ta goge, har ta samu wanda ya yi mata, Ustaza Haifa ta tura. Yanzu jira muke, ba mu da amsar kwamiti, ba mu da ta Baffa. Ki sa mu a addu'ar buɗa-baki. A gaida kowa da kowa.

Taki,
Rabi'atu.

Aziziyya, Makka,
Shawwal, 1446.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Ina fata kun yi Sallah lafiya, jikoki ba su cinye miki kajin duka ba. Ki gyara zama, yau takardar mai daɗi ce.

Bayan Sallah kwamitin ya aiko cewa sun ji saƙon, su zo. Na'ima da kanta ta je gidan su Bandar ta lallaso shi. Ranar tafiya muna shirin neman tasi sai muka ji hon a ƙofa. Baffa ne, ya wanke motarsa tas, ba babbar riga, ba kilishi. Bai yi zancen abin da ya wuce ba, mu ma ba mu yi ba.

Aka zaunar da ni da shi a kujerun baya. Na'ima ta miƙe, Bandar na ɗaga hotuna, ta fara da labarin alhajiyar da ta ɓace. Tana cikin tafiya lafiya sai wata mata a kwamitin ta tambaye ta abin da za su yi in mai kanti ya kore su. Nan fa magana ta tsaya. Na'ima ta buɗe baki ta rufe, ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Na saci kallon Baffa, na ga ya ɗago daga kujera, gumi na bin wuyansa duk da sanyin na'ura. Amsa na bakinsa, Yaya, na san har da karin magana ya tanada. Sai ya koma ya zauna, ya damƙe tasbaharsa da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

Can sai Na'ima ta ce za su yi wa mai kantin godiya su tafi, gobe su dawo, domin su ma ba a rana ɗaya suke koyon abu ba. Matar ta rubuta wani abu tana murmushi. Sannan shugaban, wanda aka kai wa kilishi, ya dubi inda muke ya tambayi Na'ima ko mene ne aikin Baffanta a cikin tafiyar. Ta juyo ta dube shi sosai, ta ce kuɗi ita da Bandar za su riƙe tare da akawun da suka zaɓa, Baffa kuma yana da mota mai kyau kuma ba ya makara, shi ne direba.

Na ce yau mun shiga uku. Mutumin da unguwa guda ke turawa gaban manya, an mai da shi direba a bainar jama'a! Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya nuna bakinsa, ya nuna ta, wato ko an ba shi izini. Ta gyaɗa kai. Ya ce ya karɓa. Tunda na san Baffa ban taɓa jin jawabinsa mai gajarta haka ba.

An ba su tallafin, Yaya, na shekara guda, in aiki ya yi kyau a sabunta. Sun riga sun fara da ma'aikatan da za su raba abinci a Arfa bana. Na leƙa ta taga na ga ƙarti sun cika ɗaki sun yi shiru, 'yata na gaba tana koya musu cewa in ka yi tambaya ka jira amsa, ko da ta daɗe. Ba duka ke saurare ba, wani ma barci ya yi, kuma akwai mai kantin da ya kore su har sau biyu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na tsaya a wurin ina kuka ina dariya, ban damu da masu wucewa ba. Baffa kuwa yana waje cikin mota yana faɗa wa duk wanda ya gaishe shi cewa shugabarsa yake jira.

Ki gaishe mini da Malam da yara da duk wanda ya tambaye ni. Na zo rubuta miki cewa Na'ima na gaishe ki, ta leƙo ta riƙe mini hannu. Ta ce kada in gaishe ki a madadinta, ranar Juma'a bayan an sauko za ta kira ki da kanta. Don Allah Yaya, na san ki da gaggawa. In ta tsaya a tsakiyar magana, ki jira ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rabi'atu.