Yoyon Tiyon Taraktarmu Ya Kai Ni Kajiji

Zuwa ga Alhaji Sahabi,
Shugaban Ƙungiyar Manoman Albasa ta ƙauyenmu, ƙasar Lambara.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da iyali, da kuma tumbin da shugabanci ya ƙara maka. Na zaɓi in rubuto a fili, a karanta gaban jama'a, saboda sau uku ina zuwa zaurenka, ka cika ni da fura, in tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Kai ɗan kawuna ne, taubashina, don haka akwai wasa cikin maganata, amma wallahi ba duka ba.

Na ɗaya, tiyo. Tun tsakiyar damina taraktar ƙungiya ke yoyon mai a bakin tiyon da ke ɗaga garma, daidai inda aka ɗaure shi da noti. Direbanmu Ladan, Allah ya yi shi mai ƙarfi, magani ɗaya ya sani: ya sa sifana ya ƙara matsewa. Ya matsa har haƙoran notin suka cinye. Daga nan ya koma naɗa robar tsohon tif na taya, kullum sai ya ƙara ɗauri, har bakin tiyon ya fi rawanin liman girma. Man kuwa bai fasa fita ba. Da idona na ga garma ta ƙi tashi a ƙarshen kunya, sai da ƙarti huɗu suka ciccibe ta. Haba, Alhaji! Injin muka saya ko ɗan maraƙi?

Na biyu, albasata. Irin da na yafa ya wuce kwana arba'in a fangali, ya fara ƙulla kai. Ba sai na koya maka ba: in mako ya sake wucewa ban dasa ba, bana ba ni da albasa. Fadamata kuma tana bushewa, ƙasa ta fara tsagewa. Da wannan albasar nake ciyar da gida har wata damina. Nan kam ba dariya, hankalina a tashe yake.

Na uku, inda taraktar take. Ka ce mini tana Bodinga wajen bakanike, in yi haƙuri. Na yarda, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba, sai dai a wasan dara. Ranar kasuwar Shagari na hau babur, sai na ga ɗigon mai baƙi a ƙasa, jere reras, daga ƙofar gidanka. Na ce bari in bi in gaida bakanike. Ikon Allah, ɗigon bai san hanyar Bodinga ba! Ya yi kwana, ya bi turba, bai tsaya ba sai Kajiji, cikin gonar surukinka. Ga Ladan a ƙarƙashin tarakta, mai har gira, yana ƙara naɗi. Da ya gan ni, sai ya tambaye ni ya gajiyar Sallah, alhali Sallar ta yi wata huɗu da wucewa.

Ban ga laifin mutum ya kyautata wa surukinsa ba, kowa ya san zafin surukuta. Amma sunana ne a gaba a jerin masu jiran huɗa, kuma kai ka rubuta shi da hannunka.

Washegari na je Bodinga da kaina. Bakaniken ya rantse rabonsa da taraktarmu tun bara. Ya ce gyaran bai kai wuni ba: a sauke garma ƙasa, a kashe injin, a kwance tiyon da sifana biyu, a kai Sakkwato a matsa masa sabon baki, a sa sabuwar robar zobe, a ɗaure daidai wa daida. Ya kuma ce a gargaɗi Ladan ya daina laluben yoyo da hannu injin na aiki, don man na iya huda fata.

Ga roƙona:

1. A kwance rawanin nan, a yi gyaran gaskiya cikin makon nan.
2. A karɓe babbar sifana daga hannun Ladan.
3. A huɗe fadamata kafin Juma'a mai zuwa, sannan a bi jeri yadda aka rubuta.

In ba ka yi don ni ba, Alhaji, ka yi don kanka. Ranar da tiyon nan ya daina yoyo, ko ina ka aika taraktar ba wanda zai iya bin sawunta. Ka ga ni na samu albasa, kai ka samu rufin asiri. In kuwa ka bari irin ya lalace, ka faɗa wa Hajiya ta ƙara mudu, don ni da iyalina a zaurenka za mu ci tuwo har ruwa ya sauka, kuma wannan karon fura ba za ta sallame ni ba.

Allah shi ƙara maka lafiya da adalci, shi bar zumunci, shi sa ka gama shugabanci lafiya.

Wassalam.

Taubashinka,
Nomau na bakin fadama.