Na Rataya Biyu a Auren Rahila

Zuwa ga abokina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa. Da kana nan sai in ce ina fatan kana lafiya kamar yadda nake, amma inda kake an wuce tambayar lafiya. Na san ba za ka karanta wannan ba. Babu gidan waya a can, ko da akwai ma, wa ke iya karanta rubutuna in ba kai ba? Kai ka koya min shi a bayan hoto, harafi bayan harafi, ina da gemuna, don in daina yi wa mutane alama da ɗigo a maimakon suna. Ban shiga aji ba har yau, ba kuma zan shiga ba. Da wannan sawun kazar zan ba ka labari.

Rahila 'yarka ta yi aure. Asabar ɗin da ta wuce, a cocinku na Garam. Na sa shi a farko don na san halinka, ba ka iya jiran ƙarshen magana. Sauran kuwa sai ka bi ni a hankali.

Shagonmu na Kwamba yana nan. Rufin da ka ce in gyara ban gyara ba, na dai janye akwatin hotuna daga inda yake yoyo. An sare mangwaron ƙofa, an kafa rumfar masu cajin waya a wurin. Aiki ya ja baya, kowa da wayarsa a hannu, sai dai fasfo na masu zuwa neman aiki Abuja. Amma akwatin nan bai bar ni na zauna ni kaɗai ba. Watan jiya wata mata ta zo daga Madalla tana neman fuskar ubanta, wai ya yi dako a babbar kasuwa, ba ta da hotonsa ko ɗaya. Na tambayi sunansa da irin tsagensa, na ɗaga ambulan uku na ciro mata shi. Ta zauna a bencinka ta yi kukanta ta tafi. Wace waya ce za ta yi wannan?

To, maganar Igwa. Kai ka raɗa mata suna, dogon gilashin kyamarar nan da muka haɗu muka saya, mai nauyin jaririn da ya ƙoshi. Ka tuna abin da ya sa muka saye ta? In ana biki a coci, kai kana ciki, ni ina waje gindin bishiya da Igwa ina ɗauko fuskoki ta ƙofa. Ranar Idi ni ina cikin sahu, kai kana can bakin fili da ita, ba ka taɓa gittawa gaban mai salla ba. Ba wanda ya hana wani shiga. Haka muka tsara, kowa ya ga mutanen ɗan'uwansa daga inda ba zai takura musu ba.

Kyamararka ta bi ka. Shekara guda bayan tafiyarka labulen cikinta ya maƙale, mai gyara ya ce an daina ƙera kayanta. Na naɗe ta a ƙyalle na ajiye. Ya rage tawa ita kaɗai, ga Igwa, ga gajeren gilashi, wato baki ɗaya cokali biyu. Ana nan sai Rahila ta zo da katin aure, ta durƙusa ta ce Baba, ba wanda zai ɗauki aurenta sai ni, haka ka bar mata wasiyya a asibiti. Na ce to. Bayan ta tafi aka kawo tuwo na kasa ci.

Bari in faɗa maka abin da ya hana ni ci, na gaji da riƙonsa.

Auren Yohanna, ɗanka na fari. Ranar kai uban ango ne, ba ka aiki. Ka miƙo min kyamararka ka ce in rataya biyu, Igwa a ɗaya, gajere a ɗaya. Na ce maka ni ba jaki ba ne da za a yi wa mangala, mai hoton ƙwarai kyamara ɗaya ta ishe shi. Aka fito daga coci, Saratu matarka ta ɓalle daga cikin 'yan zumuntar mata, ta taho tana rawa har gabana, tana kiran sunana in ɗauke ta. Ta matso kusa ƙwarai, Igwa kuwa ba ta ganin na kusa. Na tsaya ina kwance ta, murfi ya faɗi, na sunkuya, kafin in ɗaura gajeren ta gaji ta zauna. Wata biyu bayan nan aka binne ta. Da ka zo ka ce in ba ka hoton rawarta ta ƙarshe, na ce maka katin kyamara ne ya cinye. Ƙarya na yi maka, Bulus. Ba katin da ya ci komai. Taurin kaina ne ya ci. Ka dube ni, ka ce ba komai, ba ka sake tambaya ba. Da ma ka zage ni.

Shi ya sa na kama hanyar kasuwa wurin Emeka mai kayan hoto, wanda kake ce wa surukinka don ya taɓa cewa zai auri Rahila tana shekara huɗu. Ya yi furfura shi ma. Na ce masa bodi nake nema wa Igwa, wato kyamara tsirararta ba gilashi. Ya jera min uku a kan tebur.

Ta farko 'yar'uwar kyamararka ce sak, ta hannu, baƙa, mai nauyi. Ina ɗaukarta yatsuna suka san inda komai yake. Na ce an gama, ita nake so. Ta biyu ƙarama ce, ya ce tana ƙara wa Igwa tsawo, abin da ke nesa sai ya ƙara matsowa. Ta uku irin ta yayi ce, babu madubi a cikinta, sai an sa mata zobe kafin ta karɓi Igwa. Ya ce tana gani a duhu, kuma tana riƙe rawar hannu. Na ce rawar hannun wa? Ya yi dariya da Hausarsa ta kasuwa, wai Baba ido bai tsufa ba amma hannu ya yi ritaya. Na ce masa kakansa ne ya yi ritaya. Na tuna masa ina ɗaukar hoto a garin nan tun yana tsotsar yatsa a garinsu.

Bai yi fushi ba. Ya ce in yi gwajin Oga Bulus. Ashe ya riƙe: ka tsaya ƙofar shago, ka ɗauki lambar keke napep yana gudu a ɗaya hannun titi, in ta karantu kyamara ta ci. Ya ba ni su ɗaya bayan ɗaya, kowace kwana guda.

Ranar farko na ɗaura Igwa a 'yar'uwar taka. Keke goma na ɗauka, ba lambar da ta karantu. Na ce laifin direbobi ne, yaran yanzu ba su iya tuƙi ba. Na ce hadari ne ya rage haske. Na jira rana ta fito na sake, duk ɗaya. Rana ta biyu ƙaramar ta kama lambobi biyu, na fara murna. Sai na juya ta cikin shagon Audu tela, don cocinku ma haka yake da duhu daga waje. Fuskar Audu ta fito kamar an watsa mata gero. Rana ta uku na ɗauki ta yayin ina harararta. Keke takwas cikin goma. Na juya shagon Audu, har zaren da ke bakinsa na gani.

Na shiga ciki na haɗa shayi, na riƙe kofin a gabana ina kallo. Shayin yana rawa shi kaɗai. Hannuna yana rawa, Bulus. Ban gaya wa kowa ba, ko Emeka ce masa na yi batirin tsohuwar ne ba shi da kyau. Zuciyata tana wurin mai kama da taka, ko don in riƙa jin kamar kai ne a gefena. Amma na tambayi kaina, kama na je saya ko fuskar Rahila? Sau ɗaya girman kai ya sa na zubar maka da hoto. Sai in sake, ga 'yar Saratu?

Na ɗauki ta yayin. Kada ka tambaye ni kuɗinta. Amma ban bar ta yadda ta zo ba. Ba ta da nauyi, Igwa sai ta rinjaye ta gaba kamar an ɗaura wa kaza taɓarya. Na sa aka ƙara mata gidan batir a ƙasa, na samo sanda mai ƙafa ɗaya, na kwance maɗaurin fata na kyamararka na ɗaura mata. Akwai wani abu a cikinta wai shi ke zaɓar idon da za a ɗauka, na ce Emeka ya kashe shi, ni zan zaɓi mutumina. Kuma ba ta yin ƙara in an danna. Na ce ya kunna min ƙarar, hoton da ba a ji ƙararsa ba ai sata ne. Ya ce tunda yake sayar da kaya bai ga wanda ya sayi sabo ya mai da shi tsoho ba sai ni.

Ranar auren an kwana ana ruwa, filin coci duk taɓo. Na tsaya inda na saba, gindin dalbejiyar da ke kallon ƙofa. Igwa a kan sanda, tsohuwar kyamarata da gajere a wuya. Samarin Abuja abokan ango suka wuce da wayoyinsu, ɗaya ya ce Baba yaƙi aka zo ne? Na ce e, ka kauce daga bakin bindiga. Faston ya aiko a ce an ajiye min kujera a ciki. Na gode masa, na ce wurina ke nan, na ciki yana da mai shi.

Sun bar maka kujera a layin gaba, Bulus. Suka ɗora malafarka a kai. Da faston ya tambayi wa ke ba da ita, Yohanna ya miƙe. Duk mutane shi suke kallo, duk wayoyi a kansa suke. Ni ina kan Rahila, don na san jininku. Ta juya kaɗan ta dubi malafar, ba ta fi ƙiftawar ido ba. Na danna sau ɗaya. Daga gindin bishiya, ta ƙofa, cikin duhu, da wannan hannun. Ya fito har ɗigon da ke bakin idonta bai kai ga faɗuwa ba. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban ɗauki kamarsa ba. Kai ma ba ka ɗauka ba, kada ka yi min musu.

Sai aka fito. 'Yan zumuntar mata suka saki ganga. Ina cikin ɗaukar ango, sai na ga fari ya cika min ido, komai ya dushe. Na ɗago. Rahila ce ta bar layi, ta tattare rigarta, ta taho wurina tana rawa. Kafaɗar nan, Bulus. Kafaɗar Saratu ce, ba ragi. Ka san abin da hannuna ya yi? Ya tafi zai kwance Igwa, kamar wancan karon. Sai maɗaurinka ya goge ni a wuyan hannu. Na jingina Igwa a kafaɗa, na ɗaga kyamarar da ke wuyana. Bakwai na ɗauka, duk sun fito.

Ta durƙusa a taɓo da farar riga, mata suna ihu ta tashi. Ta kama maɗauri ɗaya, ta kama ɗayan, ta ƙirga, sai ta fashe da dariya tana hawaye. Ta ce wasiyyar taka akwai saura, ba ta faɗa min ba. Wai ka ce in na zo da kyamara ɗaya ta kore ni gida, don mamanta ta riga ta yi wa kyamara ɗaya rawa a banza.

Ashe ka sani. Tun yaushe? Tun ranar? Ka zauna da ni a benci ɗaya duk shekarun nan, muna cin ƙosai a takarda ɗaya, ba ka ce uffan ba, ka bari sai da ka kwanta sannan ka aiko min da amsa ta bakin 'yarka? Kai ma ai taurin kan ne da kai, naka dai ba ya ƙara.

Na wanke hotunan jiya. Na ba Rahila nata, na ba Yohanna. Na sa biyu a ambulan ɗinka cikin akwati, na malafar da na rawar. A bayan na rawar na rubuta sunanta da sunan uwarta. Ban ce ya maye wancan ba, wancan ya tafi. Amma ka aiko a duba ni, an duba, ba a kore ni ba.

Sallar Idi na zuwa. Ban san wa zai tsaya bakin fili da Igwa ba, ni dai ina cikin sahu.

Ka huta lafiya, mutumin Kagoro. Ka gaida Saratu, ka ce mata na ga rawar a wannan karon.

Naka har kullum,
Garba mai hoto, Kwamba, wanda ya rataya biyu.